Yankan Wa Ake Ci

Ranar da muka kai Kaka makwancinsa, mahautan Talata Mafara ba su kasa nama ba sai bayan La'asar. Mata suka yi ta aike kasuwa ana dawo musu da kwano wayam. Ni da na san mahauci ba ya barin teburinsa ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a nan na fara gane girman rashin da aka yi. Na Allah muke, wurinsa kuma muka nufa, tsohon ya riga mu isa ne kawai.

Kaka mahaifin Inna ne, kuma shi ne malamin yanka na kwatar garinmu tun kafin a haife ni. Mahauta su kayar da dabba su ɗaure, shi kuma ya zo ya duba ko ta fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Ba ya fiɗa, ba ya sayarwa. Ladansa tsokar wuya ce daga kowace dabba, ita ma ba kasafai take isa gida ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har sai da suka tare hanya. Cikin masu gaisuwa akwai wani masunci daga Bakura, tsoho tukuf, wanda ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri" bai tsallake kowa ba. Da ya gama ya zauna, ya dubi inda Kaka ya saba ajiye buzunsa, ya ce, "To yanzu wa za ya ce mani mai ƙarni?" Sai hawaye. Mahauta da masunta abokan wasa ne, shekara da shekaru shi da Kaka ba sa haɗuwa sai sun zagi juna tas, ga shi yau zagin ne ya zo yi wa kuka.

Ni kuwa bakina ba ya zama wuri ɗaya. Malamin makaranta ne ni, na saba in ba kowane abu sunansa a allo. Da aka fara ambaton alheran mamaci, sai na ce kada a manta an gallaza wa tsohon nan saboda addininsa, kuma ya daure.

Wani tsohon mahauci, abokin Kaka tun ƙuruciya, ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa. Ya ce, "Gallazawa? Wa ya doke shi? Wa ya ƙone mishi gida? Zagi anka yi, ya wuce. Mu da munka ga ƙauyuka sun tashi cikin shekarun ga, mutane na kwana makarantu da ɗiyansu, ka zo kana kiran zagi gallazawa?"

Wasu suka ce gaskiyarsa, wasu suka ce tawa. Kawu, babban ɗan Kaka, yana zaune kusa da ni, yana ta jan zaren tabarma. Liman ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, maganar ta mutu a nan, amma ni ba ta mutu a cikina ba.

Ran sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ka san Kaya, ta ƙasar Maradun?" Na ce na sani. Ta ce, "Kwana biyu kafin kakanka shi cika ya bar saƙo. Akwai wani tsoho can, mai tufkar igiya, kowa ya san shi. Ya ce a aike ka, kai mai baki, ka roƙa mishi gafara. Ya ce duk duniya shi kaɗai yake tsoron haɗuwa da shi gaban Allah." Na tambaye ta me ya yi masa. Ta ce, "Ni ɗiya ce, ban tambaya ba. Ina son ka kawo mani amsa kafin bakwai."

Na fito kaina ya ɗaure. Mutumin da na tsaya gaban jama'a ina cewa an zalunta, ashe shi ke neman a yafe masa. Kuma in tsohon nan na Kaya ya ce bai yafe ba, da wane baki zan gaya wa Inna?

Bari in ɗan faɗi Kakan da na sani, kafin wanda na gano daga baya.

Mutum ne mai tsabtar tsiya. Farar riga yake sawa zuwa kwata, ya dawo da ita fara, har yau ban san yadda yake yi ba. Ba ya yarda dabba ta ga ana yanka 'yar'uwarta, sai ya sa a tare tsakaninsu da tabarma, kuma sai an ba ta ruwa tukuna. Mahauta su yi ta guna-guni ranar Talata, kasuwa ta cika, shi yana neman ƙwaryar ruwa. Ya ce musu, "Rai ne, ba kabewa ba."

Tsokar wuyan nan da ake ba shi, ya san duk gidan da aka haihu tsakanin kwata da unguwarmu. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya miƙa, ya ce a yi wa mai jego romo. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ita ce ta auri malamin yanka take shan miya lami. Ranar rasuwarsa mata da yawa da ban taɓa gani ba sun shiga wurin Inna, kowace da labarin romonta.

Zagi kuwa, gwani ne. Ni yake kira ɓarawon matarsa, ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Bafillace ya kawo sa, sai ya sha ba'a kafin a taya. Masunta kuwa ba a magana. A gidanmu wanda Kaka bai zaga ba shi ke zuwa ya tambayi Inna ko ya yi laifi. Shi ya sa tun ina yaro abin ke ba ni mamaki: kalma ɗaya, a bakin wannan ta zama zumunci, a bakin wancan ta raba gida. A ina take canjawa?

Ina ƙarami sabon wa'azi ya yi ƙarfi a gari. Kaka mai wazifa ne, kullum da yamma suna kewaye farin ƙyalle shi da abokansa. Aka fara kiransu 'yan bidi'a, aka ƙara da mushirikai. Su ma fa ba su yi shiru ba, kada in yi son kai: masu ɗangalallen wando, masu raina iyaye, duk na ji su a zaurenmu, wasu daga bakin Kaka kansa. Har nan dai cacar baki ce, kowa ya faɗi tasa ya tafi ya ci tuwo.

Sai wani ya fito da sabon suna, mai yankan mushe. Ma'ana, tunda a ganinsu imaninsa ya gurɓata, abin da ya yanka daidai yake da abin da ya mutu da kansa. Wannan sunan bai tsaya a bakin masu faɗinsa ba. Masu saye suka fara tsayawa gaban tebur suna tambaya, "Yankan wa?" Mahauci kuwa ciniki ya fito nema. Wasu suka samo wani malamin, kwata ta rabu biyu. Kaka ya ci gaba da zuwa kullum da safe da wuƙarsa cikin kube, ya zauna a kan buzunsa. Wata rana awaki biyu za a kawo masa, wata rana ya dawo bai zare wuƙar ba. Masu jegon unguwarmu su ma sun ji a jikinsu.

Abin da ya fi ci masa rai a gida ya faru. Ranar Layya ce, ya yanka ragonsa, aka gasa hanta kamar yadda aka saba, ya miƙa wa Kawu, wanda a lokacin ya dawo daga karatu yana tare da masu sabon wa'azi. Kawu ya ce, "Baba, na ƙoshi."

Kaka ya ce, "Ka ƙoshi, ko kana ƙyama?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Kaka ya ajiye hantar a faranti a hankali, ya ce, "Duk naman da ke jikinka daga wuƙar ga ya fito. In mushe ne, to kai mi ne?"

Shekara biyu ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Da aka yi wa Kawu haihuwar fari, da kansa ya jawo ragon suna har gaban Kaka, ya sa masa igiyar a hannu. Ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ce na yafe. Kaka ya tashi ya yanka, Kawu ya ci. Garin ma a hankali ya gaji da tambayar yankan wa, kwata ta koma ɗaya, waɗanda suka zage shi da yawa sun bi gawarsa har maƙabarta.

Da na girma na sha tambayarsa ko abin da aka yi masa zalunci ne a kan addini. Karon farko ya ce in je in tambayi matata me ta dafa. Karo na biyu ya ce, "Zagi ba ya huda fata, ni na san abin da ke huda fata." Karo na uku na same shi yana wasa wuƙa a bakin rijiya, na nace, na ce yau sai ya ba ni amsa. Ya daɗe yana goga ta a dutse. Sannan ya ce, "Zagi iri biyu ne. Akwai wanda ke mutuwa nan inda anka yi shi. Akwai mai ƙafafu, shi ke bin mutum har gida, ya zauna mishi bakin tukunya."

Na ce, "To naka wane iri ne?"

Ya ce, "Ni ba ni da bakin kai ƙara. Tashi ka ba ni wuri, ka tare mani haske."

Na ɗauka tawakkali ne irin na tsofaffi, har nakan ba ɗalibaina labarin a matsayin misalin haƙuri. Ashe ban fahimci komai ba.

Washegarin saƙon Inna na tafi gidan tsohon mahaucin nan da ya ƙaryata ni a zaman makoki. Na ce masa an aike ni Kaya, kuma ba zan je da ka ba, sai na san abin da zan roƙa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce abin da ya wuce a bar shi. Na ce mamacin ne bai bar shi ba. Sai ya sauke numfashi ya ba ni labari.

Shi da Kaka suna samari a lokacin. Akwai wani saurayi mai fiɗa a kwata, ɗan Maguzawa, wanda ya musulunta. Kaka ne ma ya koya masa alwala da Fatiha, a zauren nan namu. Wata Talata Kaka ya tafi suna ƙauyen Ruwan Gizo ya makara. Wani bijimi da aka kawo daga nesa ya faɗi yana shure-shure, in ya mutu haka ya zama mushe, mai shi ya yi asara. Aka duba babu malam. Saurayin nan ya zari wuƙa, ya juya shi alƙibla, ya yi bismilla kowa na ji, ya yanka.

"Sai ga kakanka," in ji tsohon mahaucin. "Ya ga jini ƙasa, ya ce wa ya yanka. Anka nuna mishi. Lokacin nan shina ji da kanshi, ba a daɗe da ba shi wuƙar kwata ba. Sai ya ɗaga murya ya ce, yaushe arna sunka fara yanka a kwatar ga? Mutane sunka kwashe da dariya. Har ni na yi, ba ni ɓoye maka."

Ya ce daga baya mai bijimin ya ja Kaka gefe ya tambaye shi tsakani da Allah ko naman ya halatta, Kaka ya ce ya halatta mana. Amma wannan a kunne ɗaya ya faɗe ta, waccan kuwa kasuwa duka ta ji. Naman ya wuni a tebur ƙudaje na bi. Daga ranar sunan saurayin ya koma arnen kwata. Duk mahaucin da ya sa shi fiɗa, sai masu saye su wuce teburinsa. Kafin damina ta faɗi ya tattara ya koma Kaya, wurin dangin matarsa.

Na ce, "An doke shi?"

Ya ce, "A'a."

"An ƙone masa gida?"

Ya harare ni, don ya gane nasa kalmomin nake mayar masa. Ya ce, "Kai da tambaya kamar alƙali. Zagi ne anka yi." Ya murza gemu, sannan ya ce, "Amma dai ban ga ya dawo ba."

Na fito na kama hanyar gida. Na ji haushin Kaka, ba zan ɓoye ba, na kuma ji tausayinsa. Ashe duk shekarun da yake zaune a kan buzu babu mai kawo masa dabba, ya san ɗanɗanon abin tun kafin ya zo kansa, domin shi ya fara dafa wa wani. In ya ce an zalunce shi, to ya yanke wa kansa hukunci ke nan.

Ran kwana biyar na kama hanya da sassafe, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a wajen gari. Mota ta kai ni Maradun, daga nan na hau mashin. Gero ya yi tsawo har ya rufe gefen hanya, muka yi ta tafiya har muka hango rufin makarantar Kaya. Mutum na farko da na tambaya ya nuna mini gidan.

Na same shi a zaure, ƙafa ɗaya a miƙe, ya maƙale rama a babban yatsa yana tufka. Dogo ne siriri, da tabon sallah a goshi. Na faɗi ko ni wane ne. Ya ce ya ji rasuwar, ƙafa ce ta hana shi zuwa. Muka shiga gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya haƙuri, ya hanya, ya ruwa, ya mutanen Mafara. Muka gama muka sake ɗaukowa daga farko. Muka yi maganar gero, muka yi ta tsadar taki, muka koma kan hanya. Ni mai bakin nan da aka zaɓa saboda baki, sai ga shi na kusa cinye hantsi ban faɗi abin da ya kawo ni ba.

Ya dube ni ta ƙasan ido, ya ce, "Kakanka ma haka yake yi."

Kunya ta kama ni. Na gyara zama na durƙusa, na ce, "Baba, aiko ni aka yi. Ya ce ka yafe masa maganar da ya faɗa a kwata ranar bijimin nan. Ya ce kai kaɗai yake tsoron haɗuwa da kai gaban Allah."

Bai daina tufka ba. Igiyar ta ƙaru da kamu guda kafin ya yi magana, kuma da ya yi, ba amsata ya bayar ba. Ya ce, "Ka san tun ranar nan ban ƙara yanka ba? Ko kaza. Layya maƙwabci ke yi mani, sunan ɗiyana maƙwabci. Ɗiyana sun tashi suna cewa babansu tsoron jini gare shi. Ni da na yi shekara bakwai ina fiɗa."

Na ce, "Amma ai ka san yankanka ya halatta."

Ya ce, "Na sani mana, ba karatu na rasa ba. Sahun farko nike sallah garin ga, ba wanda ya taɓa ce mani komi. Amma duk na ɗauki wuƙa sai in ji dariyar nan."

Halina bai bar ni ba ko a nan. Na ce masa a zaman makoki mun yi gardama ko zagi kan addini gallazawa ne ko ba gallazawa ba, shi me ya gani? Ya ɗan murmusa. Ya ce, "Wanga sai ku masu boko. Ni ba wanda ya taɓa ni da hannu. Da wani can ya faɗe ta, da na manta kafin in kai gida, an faɗa mani wadda ta fi ta. Amma wanda ya koya mani Fatiha ne ya faɗa, gaban waɗanda za su saye ko su ƙi saye. Ka sa mata sunan da kake so."

Ana haka surukarsa ta yi sallama daga cikin gida, ta miƙo zakara an ɗaure masa ƙafafu, wai na baƙo ne. Tsohon ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya nufi danga zai ƙwala wa maƙwabci kira. Ba hikima ce ta sa ni magana ba, kada a ba ni abin da ba nawa ba. Bakin nan ne dai da ba ya shiru. Na ce, "Baba, me zai hana ka yanka da hannunka?"

Ya tsaya cak, bai juyo ba. Ya ce, "Za ka ci?"

Na ce, "In ci mana."

Ya dawo ya zauna, zakaran na kan cinyarsa. Ya ce, "Sau uku kakanka ya zo gidan ga. Bayan abin da anka yi mishi a Mafara ne ya fara zuwa, na san abin da ke kawo shi, shi ma ya san na sani. Mu gaisa, mu yi zancen ruwa. Kowane zuwa sai in sa a kama kaza, in tashi gabanshi in kira maƙwabci, ina jan ƙafa, ina jiran ya ce abin da ka ce yanzu. Ba haƙuri nike so ya ba ni ba. Ya ce yanka in ci, shi ke nan. Na farko bai ce ba. Na biyu bai ce ba."

Na ce, "Na ukun fa?"

"Na uku maƙwabcin ya tafi gona. Na yi kira, na yi kira, shiru. Na ce yau dai Allah ya kawo ta. Sai kakanka ya miƙe, ya zaro wuƙarshi daga kube, ya ce kawo in hutasshe ka. Ya yanka mani kaza cikin gidana." Ya girgiza kai. "Shi a ganinshi girmama ni ya yi, malamin yanka na Mafara guda ya duƙa ya yi mani aiki. Har murna yake yi ranar, ya ci da yawa. Ni kuwa ban iya haɗiye ko loma ba."

Na san Kaka, na san da zuciya ɗaya ya yi, ya koma gida yana jin ya rage wani abu daga kayan da ke kansa, kuma sai daga baya ya lura tsohon bai ci ba. Wayyo Kaka, duk iya zaginka da iya maganarka, kalma uku suka gagare ka.

Aka kawo wuƙa daga madafa, ta yankan kuɓewa ce, sai da ya daɗe yana wasa ta. Muka fita bayan zaure. Na riƙe fukafukai, ya taka ƙafafun, ya duba gabas. Ya yi bismilla da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji, ya ja wuƙar sau ɗaya. Yanka ne mai kyau, ni jikan malamin yanka ne, na san mai kyau in na gani. Surukar tana tsaye bakin ƙofa riƙe da tukunyar ruwan zafi, ta kasa matsowa.

Kafin Azahar aka kawo naman da tuwon dawa. Ya ƙi sa hannu, ya zauna yana kallona. Na ci cinya, na ci ƙirji, na tsotse ƙashi, na sha romo, ban taɓa cin abinci ana kallona haka ba. Sai da ya ga na kai ga wuya sannan ya jawo kwanon ya ɗauki fiffike ɗaya.

Da muka wanke hannu ya ɗaga nasa sama, ni ma na ɗaga. Ya roƙa wa Kaka rahama yana kiransa malaminsa, ya ce Allah ya haskaka kabarinsa da hasken Fatihar da ya koyar, ya sa ruwan da ya shayar da dabbobi ya tarbe shi, ya ba mu haƙurin rashinsa. Na ce amin.

Mai mashin ya fara danna oda a waje, yana tsoron yamma ta same mu a hanya. Na miƙe, amma ban tafi ba, don har yanzu ba ni da abin da zan kai wa Inna. Ya gane. Ya rako ni har bakin zaure yana dafa bango, ya riƙe hannuna da hannun nan da ya yi yanka.

Ya ce, "Ka ce ma uwarka na yafe mishi, duniya da lahira." Ya saki hannuna ya share ido da bakin riga. "Amma wallahi shi na so ya ci."